Yadda Ake Mayar da Iskar Gas Ruwa a Tashar Bonny

Tsibirin Bonny yana Jihar Ribas, inda kamfanin NLNG, mai mayar da gas ruwa, ke loda wa jiragen ruwa gas tun shekarar 1999. Layukan sarrafawa shida ne, masu iya fitar da tan miliyan 22 a shekara. Na bakwai, wanda ake kira Train 7, an yanke shawarar gina shi a Disambar 2019, kuma da shi ake son kai adadin tan miliyan 30.

Da yawa suna zaton matse gas ɗin ake yi har ya zama ruwa, kamar na tukunyar girki. A'a. Na girki furofen ne da biyuten, matsi kaɗan ya ishe su. Wannan kuwa kusan dukkansa metan ne, shi kuma metan muddin bai yi sanyin da ya wuce digiri 82 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius ba, ko duk injinan duniya aka tara a kansa ba zai zama ruwa ba. Sanyi ne maganinsa, har digiri 162 ƙasa da sifili.

Kafin a kai can sai an wanke shi tas. A cire iskar kabon, a tsotse danshi, domin a wannan sanyin duka biyun daskarewa suke yi su toshe bututu. A cire zaiba, don ko ɗigonta kan cinye alminiyom ɗin na'urar sanyaya.

To, sai doguwar hasumiya, wato babbar na'urar sanyayar. Tun kafin gas ya iso ta, an sanyaya shi da furofen zuwa wajen digiri 35 ƙasa da sifili. A cikinta yana bi ta dubban siraran bututu da aka nannaɗe, ana kwarara musu gaurayen naitirojin, metan, etan da furofen. Gaurayen nan yana tafasa yana zuƙe zafin gas, sai kwamfireso ya matse shi, a sanyaya shi, ya sake zagayowa. Aikin firiji ne, sai dai firijin da manyan injina masu ƙona gas ke juyawa. Kun ga inda matsin yake: a kan abin sanyayawar. Shi kuwa gas da ya fito ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, ana ajiye shi a tankuna masu kaurin rufi ba tare da wani matsi na a zo a gani ba. Kullum ɗan kaɗan na komawa iska, ana kwashe shi a yi makamashi da shi.

Daga tanki sai bututu, sai gadar lodi, sai jirgi.

Shi ya sa faɗaɗa tasha ba ƙara tanki ba ne, sabon layin sanyaya ake ginawa sukutum. Kuma a ganina abin da ya fi cancanta a sa wa ido shi ne gas ɗin da zai shiga layin. A Oktoban 2022 ambaliya ta tsayar da masu kawo gas, har NLNG ya sanar cewa ba zai iya cika alkawuran cinikinsa ba. Dole sababbin rijiyoyi da tsaron bututu su tafi kafaɗa da kafaɗa da ginin Train 7, in ba haka ba tan miliyan 30 ɗin zai tsaya a takarda.