Amsoshin Tambayoyinku: Dogon Layi da Yunwa a Wuraren Wasa

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi da kewaye, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wannan makon wasiƙu uku suka faɗo kan magana ɗaya kamar an haɗa baki, duk a kan wuraren wasan nan masu lilo da jiragen da ke wuntsilawa da mutum sama da ƙasa. Sai na ce bari mu haɗa su, mu yi musu kuɗin goro.

Ta farko daga wata Hajiya ce a Aboabo. Ta ce: "'Yata da ke aure a Amurka ta aiko mini da takardar gayyata, za mu kai jikoki wurin wasan Disney a Orlando. Ta bugo waya wai yau za ta kama mana teburin cin abinci, alhali tafiyar saura wata biyu. Abincin da ko cefanensa ba a yi ba ake kama wa wuri? Ko dai burga take yi mini?"

Hajiya, Allah Ya kai ku lafiya. 'Yarku ba burga take yi ba, ta san garin da take zaune. A Walt Disney World da ke jihar Fulorida, kwana 60 kafin ranar zuwa ake buɗe kama tebur a gidajen abincin da ake zama a kawo wa mutum. Kafin shekarar 2020 ma kwana 180 ne, wato wata shida cur. Gidajen da yara suka fi so, irin waɗanda 'yan wasa ke zagayawa cikin shigar zane-zanen talabijin ana ɗaukar hoto da su, tun da sassafen ranar da aka buɗe ake wawashe su. Wanda ya bari sai ya isa, ya yi fafe gora ranar tafiya.

Kuma ku sani wurin ba fili ɗaya ba ne da katanga. Manyan wuraren wasa huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom da aka fara buɗewa a 1971, sai Epcot a 1982, sai Hollywood Studios a 1989, sai Animal Kingdom a 1998. Tsakanin wannan da wancan galibi sai an hau bas ko jirgi. A nan mutane ke yin kuskuren da ya fi ba ni tausayi: mutum zai kama tebur ƙarfe ɗaya a Epcot, alhali ranar a Magic Kingdom zai wuni. Ya fito, ya jira abin hawa, ya je, ya zauna sa'a ɗaya ko fiye, ya dawo. Rabin wuni ya tafi a kan faranti ɗaya. In kuma ya ce ya fasa bai sanar da wuri ba, a cire masa tara daga katin bankin da ya kama teburin da shi. Gaba kura, baya sayaki. Don haka ku ce wa 'yarku ta fara tsayar da wurin da za ku wuni kowace rana, sannan ta nemi tebur a cikinsa. Ni a ganina ma tebur ɗaya a rana ya isa har ya yi yawa.

Sauran cin abincin a kanti ake yi, irin na saya ka ɗauka. Shi ba ya son kama wuri, amma yana da nasa layin, domin cikin kowa agogo ɗaya gare shi: sha biyu na rana ta yi, duk jama'a su sauko daga lilo su nufi kanti lokaci guda. Dabarar ba ta da tsada. Ku ci ƙarfe sha ɗaya, ko ku ba yara ɗan abin taɓawa su kai ƙarfe biyu da rabi. Riba biyu ke nan, domin lokacin da wasu ke layin abinci, layin lilo yakan ɗan yi sauƙi. Suna kuma da manhaja a waya, My Disney Experience, da ake yin odar abinci a ciki, a zaɓi lokacin karɓa, a je a ɗauka ba tare da tsayuwar biyan kuɗi ba. A yi odar tun da hantsi, don lokutan tsakar rana su ma ƙarewa suke yi.

Ga abin da ba ku tambaya ba, Hajiya, amma ya fi teburin muhimmanci a wurinmu: halal. Can ba Aboabo ba ne da za ku miƙa hannu ku karɓi tsire ba tambaya. Naman alade yana shiga inda ba a zata ba, har cikin wake da ganye, wasu miyoyin kuma da giya ake haɗa su. Wannan ne babban amfanin kama tebur da wuri, sai a rubuta buƙatar a ciki, a sake faɗa wa mai kawo abinci in an zauna. A kanti kuwa, kifi da kayan lambu sun fi kwanciyar hankali. Disney suna barin mutum ya shigo da abincinsa daga gida, in dai ba cikin kwalbar gilashi ba, kuma ba wanda sai an ɗumama ba. To shinkafa da wake a roba, yajin shito a ƙaramar roba, an gama magana. Ruwan sanyi a kofi kyauta ake bayarwa a kantunan, a tambaya kawai. Amma don Allah kada ku ce za ku ɗauko kilishi daga nan, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga, ƙwacewa za a yi tun a filin jirgi.

In tafiyar ta faɗa tsakanin Yuni da Satumba, ku bar la'asar a buɗe. Lokacin zafi ne mai gumi, kuma sau da yawa hadari kan haɗu da yamma da tsawa, a tsayar da lilon da ke waje. Kada 'yarku ta cika takarda da jadawali tun daga asuba har dare kamar fareti. Jikoki sun gaji, kaka ta gaji, ga tebur yana jira a wancan ƙarshen gari, daɗin ya gudu.

Wasiƙa ta biyu daga wani ɗan kasuwa ce a Alabar, mai zuwa Dubai saro kaya. Ya ce bana zai tafi da maiɗakinsa da yara uku, ya ga ana sayar da tikitin tsallake layi ban da kuɗin shiga, ya ce shin ya cancanci kuɗinsa ko wayo ne kawai?

Alhaji, duka biyun. Bari in kai ka tashar Kejetia da safe. Trotro na cika, na tashi, wani na zuwa. Komai hayaniyar fasinja, kujerun motar ba sa ƙaruwa. Haka lilo yake. A ce, alal misali, jirgin yana ɗaukar mutum 24, yana tashi duk minti 2: mutum 720 ke nan a sa'a. In ka tarar da mutum 720 a gabanka, sa'a guda za ka tsaya, ko kai waye. Tikitin tsallake layi ba ya ƙara kujera ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne a ware wani kaso na kujerun ga waɗanda suka biya, na layin gama-gari su ƙara jira. Kamar kwandasta ne ya ajiye gaban mota don mai ƙarin kuɗi.

Asalinsa ma kyauta ne. Disney suka fito da FastPass a 1999, ka karɓi 'yar takarda mai lokaci, ka tafi yawonka, ka dawo a kan lokaci ka shiga. A 2021 suka soke shi, suka kawo na kuɗi mai suna Lightning Lane. Yanzu wanda ya sauka a otal ɗinsu yana iya zaɓar lilonsa kwana 7 kafin zuwa, sauran jama'a kwana 3. Hajiya ta Aboabo, wannan ma a isar wa 'yarku. Universal suna da Express, Disneyland ta Paris tana da Premier Access, kowa da sunan da ya raɗa wa nasa, amma duk kanwar ja ce.

To kai da za ka biya wa mutum biyar, ga abin da zan yi in ni ne. Da sanyin safiya ake kama fara. Ka sayi tikitin shiga ta intanet tun kana masauki, don kada ka yi layi biyu, na tikiti da na ƙofa. Ka kasance a bakin ƙofa rabin sa'a kafin a buɗe. Ana buɗewa, kada ku tsaya ɗaukar hoto a ƙofar gida, hoton ba zai gudu ba. Ku nufi lilon da ya fi suna kai tsaye. Lilon da za ka hau cikin minti goma da safe, shi ne za ka tsaya wa sa'a guda da azahar. Sa'o'i biyun farko sun fi duk wani tikiti da za a sayar maka, kuma ba ka biya ko sisi ba. Bayan haka ka duba allon da ke nuna tsawon jira. In ka ga ko'ina ya wuce sa'a, kuma rana ɗaya tal gare ku, to saya, ba asara ba ce. In ko'ina minti sha biyar ne, ka riƙe kuɗinka ka ƙara a jari.

Zaɓen rana ma shiri ne. Tun Janairun 2022 hutun ƙarshen mako a Dubai da Abu Dabi ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin rana ake aiki. Kada ka yi lissafi da tsohon tsari na Juma'a da Asabar. Talata ko Laraba sun fi sarari. In lokacin zafi ne, da rana kan haura maki 40, nemi waɗanda ke cikin gini da na'urar sanyi: IMG Worlds of Adventure a Dubai, ko Ferrari World da Warner Bros. World a tsibirin Yas na Abu Dabi, tafiyar kamar sa'a guda a mota. A Ferrari World ne Formula Rossa take, mai gudun kilomita 240 a sa'a, har tabarau ake ba mutum saboda iska. Kuma a nan zan roƙe ka abu ɗaya: ka jingina yaran nan da bango tun a gida, ka auna tsawonsu da tef ɗin tela, ka rubuta. Kowane babban lilo yana da iyakar tsawo, a shafinsu ake rubutawa. Ba abin da ya kai a yi layi da yaro sa'a guda a zo bakin shiga a ce bai kai ba ciwo, kuma ba a roƙo, ba a "yi haƙuri ɗan Alhaji ne". Batun abinci da sallah kuwa can hankalinka kwance, da halal da ɗakin sallah duk akwai.

Ta uku ita ta fi kusa da yawancinmu. Wani malamin Islamiyya daga Tafo Zongo ya ce shi Amurka da Dubai sai dai a rediyo, amma yana son kai ɗalibansa yawon sallah Rattray Park, ko Legon Botanical Gardens a Accra, ko gadar sama ta Kakum. Ya ce shin shi ma sai ya yi wannan dogon shiri?

Malam, Allah Ya gafarta, kai ka fi su buƙatarsa, domin kai ba manhajar da za ta cece ka. Ni na taɓa ɗanɗanawa. Wata sallah na kwashi yaran gidanmu bakwai zuwa wani wurin wasa a Accra, sunansa ba sai na faɗa ba, laifin nawa ne. Na ce za mu tashi bayan asuba, ba mu bar Kumasi ba sai wajen takwas, ana neman takalmin wannan, ana ɗaura wa waccan ɗankwali. Hanyar nan ta kilomita kamar 250 ta cinye mana safiya. Muka isa rana tsaka, layin tikiti har bakin titi. Da na kai gaba na ciro waya zan biya, sabis ya ɗauke, aljihuna ba tsabar kuɗi. Na koma gefe ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Muna shiga, mai shinkafa tana kankare gindin tukunya. Wake da shinkafar da muka ƙullo a ganye tun safe kuwa ya wuni a bayan mota cikin zafi, ana buɗewa kowa ya kau da kai. Ƙaramar cikinsu ta zauna a ƙasa da sabon leshinta, ga lalle a hannu, tana kuka, ga lilo yana juyawa a gabanta ko kallo bai ishe ta ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar biskit da sobolo suka yi mana abincin sallah.

Saboda haka, Malam, ka kauce wa ranar sallah da washegarinta, haka 6 ga Maris da 26 ga Disamba, ranakun da kowa ke fita. Ka kira wurin ko ka je da ƙafarka mako guda kafin nan, ka faɗi yawan yaranka, ka tambayi lokacin buɗewa, da ko akwai ragi ga ɗalibai, da ko ana barin abincin waje. Riƙe tsabar kuɗi da canji. A ciyar da su koko da ƙosai su ƙoshi kafin a tashi, guzurin kuma ya zama wanda ke jure zafi: burodi, dafaffen ƙwai, gyaɗa, lemu, ruwa mai yawa. Kowane yaro a saka masa takarda mai lambar wayarka a aljihu, a ƙirga su a ƙofar shiga, a ƙirga a ƙofar fita.

Rattray tana nan Nhyiaeso, gida ne, ita ba ta buƙatar sammako, da yamma ma ta fi daɗi. Kakum ce ke son lissafi. Tana kusa da Cape Coast, gadoji bakwai ne na igiya a saman itatuwa, kuma mutane kaɗan-kaɗan ake bari su hau kowace gada, shi ya sa in motocin makarantu suka riga ka, za ka daɗe a gindin dutse kana jira. In da hali ku kwana a Cape Coast, ku zama na farko a ƙofa. Kuma ka tambayi yaran tun a aji wa ke tsoron tsayi, domin gadar siririya ce, wanda ya kai tsakiya ya ce ya fasa, duk na bayansa sun tsaya.

Lokaci ya cim mana. Bawan Allah na Sawaba da ya yi tambaya kan takardun tafiya da ƙananan yara, wasiƙarka tana hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.