Lasisinka Ba Ya Tsallake Iyaka: Lacca Kan Aikin Sa-kai Na Tallafin Shari'a A Ƙasar Waje

Assalamu alaikum. Malamaina da ke gaba, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka. An ce in yi magana a kan tafiya wata ƙasa aikin sa-kai a cibiyar da ke taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. Na ga da yawanku masu karatun lauya ne, to bari in fara da abin da ba za ku so ji ba: ranar da ka sauka daga jirgi a ƙasar da ba taka ba, kai ba lauya ba ne. Kowace ƙasa ita ke ba da izinin tsayawa gaban alƙalinta. Ba za ka sa baƙar riga ba, ba za ka sa hannu a takardar ƙara ba, a wurare da dama ma laifi ne ka ba mutum shawarar shari'a ba tare da lauyan ƙasar yana duba aikinka ba.

To me za ka je yi? Sai mun san yadda aikin ya samo asali tukuna.

Da aka gama yaƙin Saliyo a 2002, lauyoyin ƙasar gaba ɗaya kimanin 100 ne, kusan dukkansu kuma a Freetown suke. Mutumin ƙauye da aka ƙwace wa gona, ina zai ga lauya? A 2003 sai Simeon Koroma, lauya ɗan ƙasar, da Vivek Maru daga Amurka suka kafa Timap for Justice. Timap da harshen Krio na nufin tashi tsaye. Dabararsu ita ce horar da 'yan gari su zama mataimakan lauya: su san doka, su san al'adar wurin, su yi sulhu, su rubuta wasiƙa, su raka mutum caji ofis. Sai abu ya gagara lauya ke shigar da ƙara. A 2012 dokar tallafin shari'a ta Saliyo ta amince da aikinsu a hukumance. Ku lura, baƙon nan bai je ya yi wa mutane shari'a ba, kafaɗarsa ya sa ƙarƙashin aikin da 'yan ƙasa za su riƙe.

Kafin su, matan wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a mai suna Black Sash a Afirka ta Kudu sun buɗe ofishin ba da shawara tun 1958, suna taimaka wa baƙaƙen fata da dokar takardar izinin zama ta rutsa da su. A Malawi kuma, daga shekarar 2000, mataimakan lauya suka riƙa shiga gidajen yari suna koya wa masu jiran shari'a yadda za su nemi beli da bakinsu, har da wasan kwaikwayo: wannan ya zama alƙali, wancan mai gabatar da ƙara. Kada ku raina wannan. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke tsare a duniya ba a yanke musu hukunci ba, wani ma abin da ya hana shi fita kawai bai san yana da damar buɗe baki ba ne. Shi ya sa ƙa'idojin tallafin shari'a da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 2012 suka ambaci mataimakan lauya ƙarara.

Yanzu ga nawa labarin, kuma ba na alfahari ba ne. Wata shida na yi a wata cibiya, ba zan faɗi sunanta ba. A mako na biyu wata dattijuwa ta zo, mijinta ya rasu, ƙannensa sun hana ta filin. Na buɗe kundin doka, na ga sashen da ya ba ta gaskiya, na ce wa tafinta ya gaya mata kotu za mu. Baiwar Allah ta yi godiya, ta tafi, ba ta dawo ba. Sai mataimakiyar lauyan da nake ƙarƙashinta ta ja ni gefe. Ta ce matar nan fili take so, amma kuma tana so 'ya'yanta su ci gaba da shiga gidan baffanninsu. Ni doka na karanta, ita kuwa zaman da za a yi bayan hukunci take hange. Ita ta bi matar har gida, ta tara dangin, ta karanta musu wannan sashen dai da na gano, aka yi sulhu a rubuce, kowa ya sa hannu. Sashen ya yi amfani, amma a bakinta. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni ranar na yarda.

Aikin da zai zo hannunka, mafi yawansa zama ne. Za ka ɗauki bayanin mai ƙorafi, ka jera abin da ya faru bi da bi, ka binciko hukunce-hukuncen baya, ka tsara wasiƙa lauya ya duba, ka bi fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Wanda ya je wajen 'yan gudun hijira kuwa, nauyinsa ya fi haka. A tsibirin Lesbos na Girka, tun 2016 lauyoyi 'yan sa-kai daga ƙasashen Turai suke zuwa suna shirya masu neman mafaka kafin ganawarsu da jami'ai. Sansanin 'yan gudun hijira na Moria da ke tsibirin an gina shi ne don mutum kusan 3,000, amma da gobara ta cinye shi a Satumbar 2020 fiye da 12,000 ne a ciki. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ba ta ce duk mai wahala ɗan gudun hijira ba ne. Sai ya nuna yana tsoron a zalunce shi saboda launin fata, ko addini, ko ƙasar asali, ko ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Mutum zai ba ka labarin sa'a uku, abin da zai cece shi yana cikin jimla ɗaya da kunya ta hana shi faɗa. Aikinka ka yi haƙuri har ya faɗa. Ba aikinka ba ne ka ƙara masa gishiri. Ƙarya ɗaya in aka kama, ta rushe gaskiyar duka.

Tafinta kuma, don Allah ku kula da shi. Kalli mai magana, kada ka kalli tafinta. Yi gajerun jimloli. Ka tambaya ko ɗan unguwarsu ne, domin mace ba za ta faɗi abin da aka yi mata a gaban wanda za ta haɗu da shi gobe a hanya ba. Waya kuma ta zauna a aljihu. Sirrin wanda ya kawo maka ƙara amana ce, ba abin sawa a Facebook ba, ko da ka ɓoye sunan.

Na ga hannu a baya. Na'am, 'yar'uwa?

Tana tambaya ko mako biyu ya isa, tunda hutu gajere ne. Gaskiya, ni ban ga ya isa ba, sai dai in ƙwararre ne da aka kira don wani aiki takamaimai, kamar horar da ma'aikata. Mako biyu kana koyon sunayen mutane ne, kuma lokacin da aka ɓata a kanka na masu ƙorafi ne. Wata uku zuwa shida ya fi. Kafin ki biya ko sisi, ki tambaye su abu uku: wane lauyan ƙasar ne zai duba aikina, wace biza ce ta halatta mini wannan aiki, domin ta yawon buɗe ido ba ko'ina take ba da wannan dama ba, sannan wa zai karɓi fayilolina in na tafi. Ta ukun nan ita ce wadda ni ban yi ba. Saura kwana huɗu in taho na tarar ina riƙe da fayil goma sha ɗaya da rabin bayanansu a kaina yake. Dare uku na yi ina rubuta wa kowanne takardar miƙa aiki: inda aka tsaya, ranar komawa kotu, wanda za a kira, da abin da na yi wa mutumin alkawari.

Akwai wata tambayar?