Daga kwale-kwale zuwa faranti: yadda gidajen abinci na ƙananan garuruwan bakin teku ke riƙe kifi

Zainab: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Habu da Hajiya Lami, za mu duba gidajen abinci na ƙananan garuruwan bakin teku. Malam, mutane da yawa suna ɗauka tunda ga teku nan kusa, duk kifin da aka ajiye musu a faranti sabo ne. Haka abin yake?

Malam Habu: A'a, Zainab. Abin da ya fi kusancin teku muhimmanci shi ne awannin da ke tsakanin fitar kifi daga ruwa da shigarsa kicin, da kuma ko ya samu ƙanƙara a cikinsu. Kifin da ke digiri 5 na ma'aunin Celsius yana lalacewa da sauri fiye da ninki biyu na wanda ke digiri 0. A digiri 10 kuwa ninki huɗu ne. To ki duba wanda ya yini a ƙasan kwale-kwale rana na dukansa. Tun bai iso gaɓa ba ya riga ya yi nisa.

Hajiya Lami: Shi ya sa mai gidan abincin da ya san aikinsa ba ya zama a kawo masa. Yana zuwa inda masunta ke sauke kaya da akwatin ƙanƙara. Wasu ma su ke ba masuntan ƙanƙarar tun kafin su shiga ruwa.

Zainab: To Hajiya, idan ya isa wurin, me yake dubawa?

Hajiya Lami: Ido tukuna. Ya zama garau, a cike, bai faɗa ciki ba. Sai ya ɗaga murfin nan na gefen kai ya duba abin da kifin ke numfashi da shi: ja jawur ake so, in ya koma ruwan ƙasa da yauƙi mai kauri a bar shi. Sai ya danna tsoka da yatsa, in wurin ya dawo nan take lafiya, in ya bar gurbi akwai matsala. Sannan hanci. Sabon kifi ƙamshin ruwan teku yake, ƙarni mai ƙarfi alamar kwana ce. Ciki kuma kada ya zama ya yi laushi ko ya fashe, don daga hanji ruɓewa ke farawa.

Malam Habu: Kuma zuba ƙanƙarar ma ilimi ne. Inda ake zafi, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Niƙaƙƙiya ake so, don babban dunƙule ba ya taɓa ko'ina, kuma yana ƙuje fata. A shimfiɗa a ƙasa, a jera kifi, a rufe, a sake jerawa. Wanda aka fafe a kwantar da shi cikinsa na kallon ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne akwati marar rami. Ƙanƙara ta narke, kifi ya kwana cikin ruwan jini, tsoka ta jiƙe ta saki. Dole ruwan ya samu hanyar fita.

Zainab: Amma ai in an dafa sosai wuta tana kashe komai, ko ba haka ba?

Malam Habu: Nan ne nake so masu saurare su buɗe kunne. Akwai abin da wuta ba ta iya masa komai. Kifin tuna da sardin da danginsu masu duhun tsoka, in suka daɗe cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta suna samar da wani sinadari a jikinsu, histamin. Da zarar ya samu, soyawa ba ta kawar da shi, ƙyafewa ma haka, daskarewa ma haka. Kuma kifin yana iya zama ba wari ko kaɗan. Mutum ya ci, cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu fuska ta yi ja, kai ya yi ciwo, jiki ya yi ƙaiƙayi, wani lokacin da zafi a harshe kamar an sa barkono. Wasu sai su ce kifi ne jikinsu bai karɓa ba, alhali ajiyar ce ta lalace. Rigakafinsa ɗaya: irin wannan kifi kada ya haura digiri 4 tun daga jirgi.

Hajiya Lami: Su kawa da sauran halittun ruwa masu ɓawo biyu kuma nasu daban ne, don da ransu ake sayen su. Ɓawon a rufe yake, ko in a buɗe yake ka ƙwanƙwasa ya rufe. Wanda ya ƙi rufewa ko ya fashe, a zubar. Ba a jiƙa su cikin ruwan famfo, ba a kulle su a ledar da iska ba ta shiga, duk biyun kashe su suke. A kwano ake sa su cikin firiji, a rufa da jiƙaƙƙen tsumma. Kuma in hukuma ta hana ɗibar su daga wani yanki saboda gubar gansakukar teku, to fa an hana, don ita ma dahuwa ba ta kashe ta.

Zainab: Mu dawo kan mai cin abinci. Baƙo ya shigo gari, ga gidajen abinci a jere a bakin ruwa. Ta ina zai gane?

Hajiya Lami: Ya duba tsawon jerin abincin. A ƙaramin gari jiragen kaɗan ne, abin da suka kamo shi ke nan. In iska ta tashi kwana biyu ba wanda ya fita. Gidan da ke rubuta kifi uku ko huɗu a allo yana gogewa kullum, teku yake bi. Wanda ke da iri ashirin kowace rana duk shekara, firiza yake bi.

Malam Habu: Amma Hajiya, a yi wa firiza adalci. Kifin da aka daskarar a jirgi awanni kaɗan bayan kamu ya fi wanda ya kwana biyar ana kiransa sabo. Wanda za a ci ɗanye ma galibi wajibi ne a daskarar da shi saboda tsutsa, dokar Amurka ta ce digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓoyewa. A tambayi mai kawo abinci yau aka kamo ko daga firiza ne, ya faɗi gaskiya.

Hajiya Lami: Na yarda. Inda ake ɓata shi wurin narkarwa ne. A firiji ake barinsa ya kwana, ko a leda ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana. Ba a baza shi kan tebur, kuma wanda ya narke ba ya komawa firiza.

Zainab: Wani abin da ke ɗaure wa baƙi kai shi ne tsada. Ga teku, ga kifi, amma faranti da nauyin kuɗi.

Malam Habu: Lissafi ne. Kilo ɗaya na kifi sukutum, in aka cire kai da ƙaya da hanji da fata, abin da ke saura sau da yawa bai kai rabi ba. Ga ƙanƙara, ga wuta, ga wanda bai sayu ba. Sannan yawancin irin garuruwan nan watannin baƙi kaɗan ne, su ne ke ɗaukar nauyin sauran shekara. Gidan da ya iya tattali ba ya zubar da kai da ƙashi, romo yake yi da su: a cire jan abin numfashin nan don yana sa ɗaci, a wanke jini, a dafa a hankali minti 20 zuwa 30. In ya wuce haka ɗanɗanon ya juya.

Zainab: Hajiya, suya fa? Ita ce aka fi nema.

Hajiya Lami: Mai ya kai digiri 175 zuwa 180, kuma da ma'aunin zafi, ba da ƙiyasi ba. A goge kifin ya bushe kafin a saka. Kada a cika kasko, don kowane yanki yana sauke zafin mai, in ya sauka kifi ya sha mai ya yi laɓo-laɓo. Tsakiyar tsoka ta kai digiri 63. In an kwashe a ɗora kan raga don tururi ya fita ta ƙasa. Man kuma a tace shi kowane dare, in ya yi duhu yana kumfa ko yana hayaƙi da wuri, a canza.

Zainab: Mun gode Malam, mun gode Hajiya. Mako mai zuwa za mu ɗauki kaguwa da jatan lande. Sai mun haɗu.