Darasi: Me Ya Hana Amurka Raba Makarantunta Da Bindiga?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wanda ya kamo mu yanzu ya gyara zama.

Darasin yau wata malamar firamare ce ta jawo shi, daga Maraɗi ta aiko da saƙo. Ta ce, Malam, kullum sai mu ji an shiga makaranta a Amurka an harbe yara, shugaban ƙasa ya fito ya yi alhini, a sassauto da tuta, bayan 'yan watanni a sake. Ƙasa mai ƙarfi kamar wannan, me ya hana ta ƙwace bindigogin kowa ya huta? Malama, Allah ya saka da alheri. Ni ma tambayar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka yau za mu bi ta a hankali.

Mu fara da abin da ya faru, don kada mu yi ta maganar doka mu manta yara ake kashewa. A watan Afrilun 1999, a sakandaren Columbine da ke jihar Kolorado, ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu 12 da malami 1 a rana guda. A 2007, jami'ar Virginia Tech, mutum 32. Ran 14 ga Disamban 2012, firamaren Sandy Hook, yara 20 da manya 6. Yaran nan 'yan shekara 6 ne da 7. Malama, 'yan ajinki ne, waɗanda har yanzu wani sai an ɗaure masa igiyar takalmi. Sai Parkland a Fulorida, 2018, mutum 17. Sai Uvalde a Tekzas, ran 24 ga Mayun 2022, yara 19 da malamai mata 2. Waɗannan manyan ne kawai da duniya ta ji.

To, me ya hana a ƙwace? Abu na farko kundin tsarin mulki ne. A 1791 aka yi masa gyare-gyare guda 10, kuma na biyun jimla ɗaya ce tak. Ma'anarta ita ce, tunda ƙasa mai 'yanci na buƙatar rundunar mayaƙan sa-kai mai tsari domin tsaronta, to ba za a tauye haƙƙin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa ba. Ku lura, jimlar gida biyu ce. Gidan farko yana maganar runduna, na biyu yana maganar jama'a. Shekara da shekaru ana jayayya: haƙƙin na rundunar ne, ko na kowane mutum a ƙashin kansa? Kuma ku tuna irin bindigar wancan zamani. 'Yar'uwar harba-ka-ruga ce, a ɗura albarushi, a danna, a harba sau ɗaya, a koma ɗuri. Ba wanda ya san za a yi wadda yaro zai zazzage harsashi 30 da ita kafin ka gama alwala.

A 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama a shari'ar da ake kira Heller. Alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce haƙƙin na kowane mutum ne, yana iya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. Amma ko a nan, alƙalin da ya rubuta hukuncin, Antonin Scalia, ya ce haƙƙin yana da iyaka, ana iya hana shiga da makami wurare irin makarantu da ofisoshin gwamnati. Sai a Yunin 2022, wata guda bayan Uvalde, kotun ta ƙara ɗaure tamau a shari'ar Bruen. Ta soke dokar jihar Niyok wadda ta haura shekara 100, ta ce duk dokar bindiga da za a kafa sai an nuna tana da makamanciya a tarihin dokokin ƙasar. Shi kuwa gyaran na biyu, kafin a taɓa shi sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun yarda, sannan jihohi 38 cikin 50 su sa hannu. Wannan kam a ajiye shi gefe.

Na biyu, yawan abin. Wata cibiyar bincike da ke Janeba mai suna Small Arms Survey ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogin da ke hannun farar hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato kusan 120 ga kowane mutum 100. Sun fi mutanen yawa. Mutane kan kawo misalin Ostareliya, inda bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 gwamnatin John Howard ta sayi bindigogi wajen 650,000 ta lalata. Ko Birtaniya, da ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane. Duk gaskiya ne, kuma sun ga amfanin hakan. Sai dai ba su da gyara na biyu, kuma 650,000 a gaban miliyan 393 kamar ɗigon ruwa ne a randa.

Yanzu ku biyo ni mu shiga shagon bindiga, don a nan darasin yake. Ka je wurin dillali mai lasisi, ka nuna katin shaida, ya miƙo maka fom. An taɓa ɗaure ka kan babban laifi? Kana shan ƙwaya? Kotu ta taɓa cewa kana da taɓin hankali? Ka cika. Shi kuma ya tura sunanka rumbun bayanai na hukumar FBI, galibi cikin 'yan mintoci amsa ta dawo. Wannan bincike ya samo asali daga dokar Brady ta 1993, mai ɗauke da sunan James Brady, kakakin Shugaba Reagan da aka harba a ka a 1981. Tsari ne mai kyau, amma yana da ɓaraka biyu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓaraka ta farko: dokar tarayya dillali mai lasisi ta ɗora wa binciken. Idan maƙwabcinka ne ya sayar maka da tasa, a jihohi da yawa ba wanda zai tambayi ko sunanka. Uku daga cikin bindigogin Columbine ta haka suka fito, wata ƙawar maharan 'yar shekara 18 ta sayo musu a kasuwar baje kolin bindigogi. Ta biyu: shekaru. Dillali ba zai sayar maka da ƙaramar bindiga ba sai ka kai 21, amma doguwa, har da samfurin AR-15 mai kama da ta soja, dokar tarayya ta yarda daga 18. Yaron da ba za a sayar masa da giya ba sai ya kai 21. Na Uvalde, 'yan kwanaki bayan ya cika 18 ya sayi guda biyu, bisa doka, da rasit ɗinsa.

An yi yunƙurin toshe ɓarakar farko? An yi. Wata huɗu bayan Sandy Hook, sanatoci biyu, Joe Manchin na jam'iyyar Dimokuraɗiyya da Pat Toomey na jam'iyyar Rifablikan, suka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken zuwa kasuwannin baje koli da cinikin intanet. Ya samu ƙuri'a 54 cikin 100. Za ku ce ai ya wuce. Bai wuce ba. A Majalisar Dattawan Amurka sai an samu 60 kafin a rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori. Iyayen yaran na nan a majalisar suna kallo, ta leƙo ta koma. Ga shi kowace jiha sanata 2 gare ta, Wyoming da ba ta kai mutum 600,000 ba daidai take da Kalifoniya mai wajen miliyan 39, kuma jihohin karkara su ne suka fi riƙo da bindiga. Ƙara da ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda ke nan tun 1871, tana ba 'yan siyasa maki kamar 'yan makaranta, magoya bayanta kuma ba sa fashin zaɓe. An ma taɓa haramta sayar da wasu bindigogi masu kama da na soja a 1994, amma da wa'adin shekara 10 aka yi dokar, ya cika a 2004 aka bar ta ta mutu.

A nan dole in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don ba mahaukata ba ne. Manomin da ke zaune inda ɗan sanda zai yi rabin sa'a kafin ya iso, idan ya ce maka ba zai rabu da bindigarsa ba, mu nan ba sai an yi mana tafsiri ba. A Yunin 2022 ɗin nan dai gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Wanda aka kwashe masa shanu da 'ya'ya ya san zafin da ke kai mutum ga wannan tunani. Kuma akan dace. A Yulin 2022, a wata babbar kasuwa a jihar Indiyana, wani matashi mai bindiga ya harbe maharin da ya riga ya kashe mutum 3, da ba don shi ba da abin ya fi haka muni. Miliyoyin masu bindiga a can ba su taɓa nuna ta ga kowa ba, farauta suke yi da ita, kamar yadda iyayensu suka yi.

Amma a makaranta fa? Mako guda bayan Sandy Hook, jagoran NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya ce abin da kawai ke tsayar da mugu mai bindiga shi ne mutumin kirki mai bindiga. To an gwada wannan magana a Uvalde. Jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar, a cewar rahoton majalisar jihar Tekzas kanta. Da sulkensu, da manyan bindigoginsu. Minti 77 suka yi ba su shiga ajin ba. Yara na ciki suna kiran lambar 'yan sanda, suna raɗa, suna cewa a taimaka a turo 'yan sanda, alhali 'yan sandan na bayan ƙofa. Iyaye a waje suna ihu a bar su su shiga da kansu, ana rirriƙe su. Wata yarinya 'yar shekara 11 ta shaida wa majalisar ƙasa cewa jinin ƙawarta ta shafa a jikinta ta kwanta kamar gawa. Wallahi duk sanda na zo nan sai na ɗan dakata. A Parkland ma akwai ɗan sanda mai bindiga a makarantar, waje ya tsaya. Ni a nawa ganin, in dai bindiga ta riga ta ƙetare ƙofar makaranta, duk abin da za a yi ihu ne bayan hari.

Shi ya sa nake so ku mai da hankali kan inda bindigar ke fitowa. A namu yankin, masu auka wa makaranta daga daji suke zuwa. A Amurka sau da yawa ɗan makarantar ne, ko tsohon ɗalibinta. Hukumar da ke tsaron shugaban ƙasarsu ta nazarci hare-haren makarantu 41 ta fitar da rahoto a 2019, ta gano cewa mafi yawan yaran da suka yi amfani da bindiga a gida suka ɗauko ta, kuma mafi yawansu sun faɗa wa wani ko sun nuna alama tun kafin ranar. Na Sandy Hook ma da bindigogin mahaifiyarsa ya yi, ita ya fara kashewa.

Ɗan abin da aka samu na gyara, ta wannan ƙofa aka samu. Bayan Parkland, ɗaliban da suka tsira suka cika Washinton da zanga-zanga a watan Maris, kuma Fulorida, jihar da 'yan Rifablikan ke mulki, ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21. Ta kuma kafa dokar da ake wa laƙabi da jar tuta, wato idan mutum ya nuna alamun zai cutar da kansa ko wasu, alƙali ya ba da umarni a karɓe bindigarsa na wani lokaci. Ran 25 ga Yunin 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta tsaurara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da 21, ta kuma ware kuɗi don lafiyar ƙwaƙwalwa a makarantu. Ita ce babbar dokar bindiga ta farko daga tarayya cikin kusan shekara 30, kuma ba ta ɗaga shekarun ba.

Bari in ba ku labarin wata safiya, ran 30 ga Nuwamban 2021, a sakandaren Oxford da ke jihar Mishigan. Malama ta ga wani ɗalibi ɗan shekara 15 ya zana bindiga da mutum cikin jini a takardar lissafi, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi tsayawa, a taimake shi. Aka kira iyayensa suka zo. Aka nuna musu zanen, aka ce yaron nan yana buƙatar ganin likita. Ba su tafi da shi gida ba, suka ce aiki na jiransu. Abin da ba su faɗa wa makarantar ba shi ne, kwana huɗu kafin nan uban ya saya wa yaron bindiga a matsayin kyauta. Tana cikin jakar makarantarsa a daidai lokacin da ake zaman. Ba wanda ya buɗe jakar, ba iyaye ba malamai. Aka miƙa masa ita ya koma aji. Da rana ya kashe ɗalibai 4.

A 2024 kotu ta kama uwar da uban, Jennifer da James Crumbley, da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Shi ne karo na farko a Amurka da aka ɗaure iyaye saboda ɗansu ya buɗe wuta a makaranta, kuma mai gabatar da ƙara ba ta buƙaci ƙuri'a 60 ba, ba ta taɓa gyara na biyu ba. A gaban masu taimaka wa alƙali ta ɗauko makullin bindiga, irin mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta ciki, ta nuna musu yadda ake kulle ta cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Malama ta Maraɗi, lokaci ya cim mana. Ki gaishe mana da 'yan ajinki, Allah ya raya su, ya tsare mana makarantunmu. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu. Wassalamu alaikum.