Bargo ba ya ba da zafi: gwajin kimiyya da yara a tsakar gida

Assalamu alaikum iyaye da malaman firamare, barkanmu da warhaka. Yau maganar zafi da makamashi za mu yi, kuma duk kayan da za mu yi aiki da su daga kicin da ɗaki aka kwaso su, ba abin da aka je kanti saye in banda balan-balan na yara.

Toh mu fara da wannan. Ga tiren ƙarfe ga allon katako, ɗaki ɗaya suka kwana. Ku sa kowane yaro ya ɗora tafin hannunsa a kai, wanne ya fi sanyi? Ƙarfe za su ce, ba ma sai sun yi shawara ba. Sai ku ce to in na ɗora ƙanƙara a kan kowanne, wacce za ta riga narkewa? Yawancinsu ta kan katako za su zaɓa, tunda ai ƙarfen sanyi gare shi. Dan Allah kar ku gyara musu, nan ne mu manya muke ɓata wasan, yaro bai gama tunani ba mun riga mun zuba masa amsa. Ku bari kowa ya faɗi nasa, a ɗaga hannu a ƙirga, sannan a ɗora. Kun ga ta kan tire yadda take zamewa cikin ruwanta? Ta kan katako kuwa da kyar ta fara tsatsafo.

Abin da ya faru shi ne, tiren da katakon zafinsu ɗaya, in akwai ma'aunin zafi ku auna su gani. Jikin mutum wajen digiri 37 yake, kayan ɗakin ba su kai haka ba, shi kuma ƙarfe saurin janye zafi gare shi, ya zuƙe na hannunka nan take shi ya sa ka ji sanyi, kuma da saurin nan ne ya kwaso zafin ɗaki ya juye wa ƙanƙara. Zafi tafiya yake, kullum daga abu mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba. In yaro ya riƙe wannan kaɗai ma an ci riba. Amma ku yi gwajin da safe fa, don a watan Afrilu da rana tsaka a Sakkwato ko Maiduguri ɗakin kansa na iya wuce zafin jiki, sai ƙarfen ya ji ɗumi a hannu, lissafi ya juye.

Sai bargo. Tambayi yaro me bargo yake yi lokacin hunturu, zai ce zafi yake ba mu. To a ɗauko ƙanƙara biyu girma ɗaya, kowacce a ƙulle a leda, ɗaya a naɗe ta cikin bargo ɗaya a bar ta a fili cikin inuwa. In da gaske bargo zafi yake bayarwa ai ta ciki ce za ta riga narkewa ko? Ku je ku yi wani abu ku dawo bayan rabin awa ko awa guda, ta cikin bargon za ku tarar ta fi girma. Bargo ba murhu ba ne, tare hanya kawai yake yi, da dare ya hana zafin jikinka fita, a nan kuma ya hana zafin waje shiga. Masu sayar da ƙanƙara lokacin azumi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke lulluɓe ta da buhu ko su binne cikin dusar katako.

Na cokula ba zai ci lokaci ba, cokalin ƙarfe da na roba da ludayin katako, a manna ɗan bota a ƙarshen mariƙin kowanne a tsoma cikin kofin ruwan zafi, a ga wanda botarsa za ta riga zamewa. Babba ne zai zuba ruwan, ba yaro ba.

Yanzu ku ce su murza tafin hannu da ƙarfi, su yi ta murzawa. Ya yi ɗumi ko? Ina wutar take? Babu. Motsi ne ya koma zafi, kuma ƙarfin motsin daga kokon da suka sha da safe ya fito, gero kuma da hasken rana ya girma, kun ga makamashi ke nan yana sauya kama, ba ya ɓacewa. Wani Bature ɗan Ingila, James Joule, a shekarun 1840 ya rataya nauyi da igiya, nauyin na sauka yana juya wata farfela cikin ruwa, ya auna ya ga ruwan ya ɗan ƙara ɗumi. Sunansa aka sa wa ma'aunin makamashi, kuma wajen joule 4.2 ake buƙata kafin giram ɗaya na ruwa ya hau da digiri ɗaya tak. Ruwa akwai shanye zafi.

Ga shaida, kuma wannan ne yara suka fi yi wa ihu. Hura balan-balan ka kai shi kan kyandir, fau, ya fashe. Ɗauko wani ka zuba masa ruwa kamar rabin kofi sannan ka hura ka ƙulle, ka sa harshen wutar daidai inda ruwan ya kwanta. Zai yi baƙin hayaƙi a gindi amma bai fashe ba, don ruwan na kwashe zafin kafin robar ta ƙone. Babba ya riƙe, yara su ja baya, a ajiye baho a ƙasa, kar kuma a daɗe.

Randa fa, me ya sa ruwanta ya fi na jarka sanyi alhali ba a jona ta da wuta ba? Kafin ku ba da amsa ku jiƙa musu bayan hannu ɗaya su hura iska a kan duka biyun. Jiƙaƙƙen ya fi sanyi, saboda ruwa in zai bi iska sai ya tafi da zafi, aikin da gumi yake mana ke nan. Jikin randa na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsatsafowa yana bushewa yana jan zafin na ciki. Da wannan ilimin Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan miya don kar su yi saurin lalacewa, har ya samu kyautar kamfanin agogon Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma.

Wannan aikin sati ne ba na yini ɗaya ba. Tumatir uku a ciki, uku a kwando a gefe, kullum yara su duba su zana abin da suka gani a littafi. In da rani kuka yi, ku adana littafin nan, damina ta sauka a sake, don in iska ta cika da laima ruwan ba ya saurin bushewa, sanyin tukunyar sai ya ragu, sai ku tambaye su dalili kafin ku ce komai.