Suga ya faɗi: lemo za a fara ba shi ko fura?

[Titin Ahmadu Bello da hantsi. Wani dattijo a bakin shago yana share zufa.]

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin nan musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a wayoyin mutanen Kaduna. Wasu sun ce in jiri ya ɗebi mai ciwon suga a yi maza a dama masa fura da nono. Wasu sun ce a'a, ko ƙamshin zaƙi kada ya ji, ai an hana shi. Kowanne ɓangare don tausayi yake magana, amma kowacce daga cikin shawarwarin nan biyu tana iya kai mutum gadon asibiti.

[Na'urar awon suga, lamba tana fitowa.]

Mu yi sauri a nan. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, suga ya faɗi. In taka mai lamba da ɗigo ce, ƙasa da 3.9 ke nan. Ƙasa da 54, ko 3.0, an shiga hatsari. Alamomin ga su a allo: zufa mai sanyi, karkarwa, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani, gani dishi-dishi, saurin fushi. An fi ganin haka ga masu allurar insulin da masu shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko glimepiride. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo shi ba. Yawanci an sha magani ne ba a karya ba, ko an yi aikin ƙarfi, ko zazzaɓin cizon sauro ya hana cin abinci.

[Faifai biyu. Ɗaya da suga, zuma da lemon kwalba. Ɗaya da fura, ƙosai, gyaɗa da cakulan.]

To, ga inda ake tuntuɓe. Ku dubi faifan nan biyu da kyau.

Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta da rumbun da take ajiye shi. Abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu. Shi ya sa mutum ke fara rikicewa cikin 'yan mintoci. Abin da kuma muka haɗiya, sai ya bar tumbi ya gangara ƙaramin hanji kafin ya shiga jini. Suga tsantsa cikin ruwa zarcewa yake yi. Amma da zarar maiƙo ya shiga, ko abinci mai nauyi, tumbi sai ya riƙe kayan yana sakinsu kaɗan-kaɗan, kamar cunkoson bakin Kasuwar Barci ranar jajibirin sallah: kowa zai wuce, amma ba yanzu ba. Nono yana da maiƙo, gero yana da dusa, ƙosai ya sha mai, gyaɗa da cakulan kuwa ba a magana. Abinci ne masu kyau, ni ma ina son fura ƙwarai. Sai dai Baba da ke karkarwa a bakin shago ba shi da rabin awar da zai jira.

Saboda haka faifan farko za a fara ɗauka. Ana so ya sha giram 15 na suga mai saurin shiga jini. A gida, babban cokali 1 ke nan na suga a narka a ruwa. Ko ƙwayar suga ta kwali 3 zuwa 4. Ko zuma babban cokali 1. Ko lemon kwalba, ƙasa da rabin ƙaramar kwalba kaɗan. A duba jikin kwalbar, wanda aka rubuta babu suga a ciki ba zai yi komai ba. Garin gulukos na kemis ma ya yi, kuma ga masu shan acarbose shi ne ma ya dace, don maganin yana hana sugar shayi narkewa da wuri. Yaro bai kai buƙatar giram 15 ba, a tambayi likitansa tun kafin ranar.

Hajiya, na san likita ya ce ki bar zaƙi. Gaskiya ya faɗa. Amma hanin nan na sauran lokuta ne. A wannan mintin, cokalin sugar nan magani ne, kuma shi likitan da kansa abin da zai ba ki ke nan.

[Agogon bango. Yara sun kewaye kujera.]

Sai a jira minti 15. A ganina wannan jiran ya fi komai wuya, don gidan Bahaushe ba ya iya kallon mara lafiya hannu rabbana. Wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo shayi, maƙwabciya ta aiko da tuwo, kafin ka ce kwabo an jere kwanuka kamar ana walima. Ku dakata tukuna. Jiki kan ci gaba da rawa ko bayan suga ya fara hawa, kuma in aka ɗura masa kwalba biyu lambar tana iya wuce 200 a koma neman sauke ta. Minti 15 ya cika, a sake awo. Har yanzu ƙasa da 70? A ƙara wani giram 15, a sake jira. In an yi haka sau 2 ko 3 bai tashi ba, a nufi asibiti. Idan babu na'ura a gidan kuma alamomin sun bayyana ga mai shan waɗannan magunguna, a ba shi sugar, kada a tsaya neman tabbaci.

Ya haura 70, hankalinsa ya dawo? Yanzu ne lokacin faifai na biyu. Sugar da ya sha saurin ƙarewa take yi, maganin kuwa yana nan yana aiki a jiki, musamman Daonil da ke daɗewa. A kawo alala, ko ƙosai da koko, ko burodi da ƙwai, ko furar nan da aka dama tun ɗazu. Jinkirin da ya hana ta amfani da farko shi ne zai riƙe shi har lokacin cin abinci.

[Kasuwar Gumi: wake, acha, dawa, zogale. Tukunyar fate tana tafasa.]

Sauran kuwa kun san shi. Kada a tsallake karin kumallo bayan an sha magani. A riƙa cin abinci a kan lokaci, tuwon dawa ko acha ko fate, da wake ko kifi da ganye a gefe. Ƙwayar suga ko alawa ta zauna a aljihu, direban Keke Napep ya ajiye tasa kusa da hannu, in ya ji alama ya faka tukuna. Mai azumi da awonsa ya nuna ƙasa da 70, shawarar likitoci ita ce ya karya nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba.

[Allo ya yi ja.]

Wannan kuma ku saurara da kyau. Duk abin da na faɗa na wanda yake a farke ne, yana iya haɗiya. In ya suma, ko yana fizge-fizge, kada a ɗura masa komai a baki, ko lemo, ko zuma, ko ruwa, don zai iya sarƙewa ya tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, Barau Dikko ne ko asibitin sojoji na 44 ko na unguwa, a can za a ba shi gulukos ta jijiya. A tafi da kwalayen magungunansa. Wanda kuma ya farfaɗo a gida, ya rubuta ranar da lokacin da lambar da na'ura ta nuna, ya kai wa likitansa, don sau da yawa adadin maganin ne yake buƙatar gyara.