Kula da Tsohuwar A-kori-kura a Ƙasar Ƙura da Zafi

Lacca ce da wani dattijon bakanike ya gabatar a Garwa, a arewacin Kamaru, gaban masu motocin ɗaukar kaya da direbobinsu. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke nan gaba, alhazai, direbobi, da ku samari yaran mota da ke tsaye ta baya, sannunku da zuwa. Ku matso kusa, samari, don rabin maganar nan taku ce.

Motocin da muke ci da su a nan arewa yawancinsu sun girmi yaran da ke wanke su. Akwai Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa tun 1968, masu injin 2L da 3L da 5L. Akwai Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da injin 1HZ mai silinda 6, wanda ya fito a 1990. Har yanzu kuma a hanyoyin ƙauye za ka haɗu da Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ƙarfin waɗannan motoci ba labari ba ne. A 1987 sojojin Chadi da irin waɗannan Toyota suka tunkari tankokin yaƙin Libiya a Fada da Wadi Dum, har duniya ta laƙaba wa yaƙin sunan motar. To amma wannan suna shi ya ɓata mu. Mutum ya ji an ce motarsa ba ta mutuwa, sai ya daina buɗe bonet. Abin da nake gani a gareji shi ne, motar da aka jawo da igiya da wuya ka ce tsufa ya kayar da ita. Ƙura ce, ko zafi, ko gurɓataccen mai, kuma kowannensu yana ba da alama tun da wuri ga wanda yake dubawa. Mai dubawan nan kuwa ya kamata ya zama mai motar da kansa.

Bari in fara da zafi, don shi ya fi cin kuɗinku. A watan Maris da Afrilu, nan Garwa da Marwa da Kusiri zafi yakan haura digiri 40 a inuwa. Injin da ke jan buhunan albasa a irin wannan rana ba shi da wata kariya sai ruwan da ke zagaya cikinsa. Kowace safiya, kafin a tada mota, a buɗe murfin lagireto a ga ruwa da ido. Na ce da safe, injin na sanyi. Wanda ya buɗe shi da zafi ruwan zai taso masa a fuska, kuma akwai mutane a garin nan da ke ɗauke da tabon hakan. Shi kansa murfin ku dube shi. Aikinsa ya matse ruwan, ta yadda maimakon ya tafasa a digiri 100 sai ya kai wajen 120. In robarsa ta tsage, ruwa zai riƙa tafasa yana gudu, kai kuma kana ta ƙarawa kana zargin injin, alhali ɗan murfi ne mai araha.

Wane ruwa kuke zubawa? Na rijiya, na mayo, wato kogi, wanda aka samu. Ruwan rijiyarmu yana da gishiri da farar ƙasa a narke, irin farin da kuke gani ya daskare a gindin butar shayi, haka yake daskarewa a cikin siraran bututun lagireto har ya toshe su. Ku sayi ruwan lagireto na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa. In hali bai yi ba, a tari ruwan sama a damina cikin kwano mai tsabta, a tace, a adana. Sannan sau ɗaya a wata a wanke fuskar lagireto da ruwa a hankali daga ciki zuwa waje, domin ƙaiƙayi da gashin auduga da ƙwari suna like ta, musamman motocin da ke shiga gonaki lokacin ɗibar auduga.

Akwai wata al'ada da nake roƙon ku da ku bari, kuma 'yan'uwana bakanikai ne suka koya muku ita: cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan ɗan ƙarfe shi ke riƙe injin a zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80 da wani abu. In babu shi, da asubar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya yi hayaƙi, ringi su ci. Kuma cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto ko mutuwar fanka, ɓoye ciwon kawai yake yi zuwa wani lokaci. In ya lalace a sa sabo.

In kuma allura ta hau ja kuna kan hanya, ku tsaya nan take. Kada a ce bari mu ƙarasa Figil. Kada kuma a kwara wa injin ruwan sanyi yana huci, kan injin zai tsage, kuma injinan Hilux ɗin nan na gazuwal, wato dizal, ba sa yafe wannan. A jira ya huce, a duba fanbel, a duba tiyo, a nemo inda ruwan ya bi.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kawo mana ƙura mai laushi wadda ido ba ya ganin ƙwayarta. In ta wuce filtar iska ta shiga silinda, ita da baƙin mai suna haɗuwa su yi ta goge ƙarfe. Ina ganin yara suna cire filta suna buga ta da taya. Bugun nan yana yaga takardar, kuma ƙaramar yaga ta isa. A hura ta da iska daga ciki zuwa waje, a ɗaga ta a rana ko a sa tocila a ciki. In haske ya fito ta wani rami, ta gama aiki. A duba kuma tiyon da ya tashi daga gidan filta zuwa injin, don in ya tsage, ko filtar sabuwa ce ƙura ta sami ƙofa.

Baƙin mai kuwa, ga tsohon injin gazuwal a hanyoyinmu, kada ya wuce kilomita 5,000, kuma a canja shi tare da filtarsa. Wannan aiki ne na tsakar gida: sifana, kwano, da tsumma. Ku guji man da ake aunawa a kwalba wanda ba ku san daga inda ya fito ba.

Yanzu maganar da na san za ta taɓa kowa, wato zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a jarka a bakin titi. Ba zan tsaya nan in ce kada ku saya ba, don na san akwai hanyoyin da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gidan mai ba, kuma ko da Najeriya ta cire tallafin man fetur a 2023 farashi ya tashi, jarkokin ba su bar bakin titi ba. Abin da zan ce shi ne ku san abin da ke cikin jarka. Akwai ƙasa, akwai ruwa, wani lokaci an gauraya da kananzir. Famfon injin gazuwal da nozul masu fesa mai cikin injin, shi gazuwal ɗin ne yake shafa musu maiƙo. Ruwa ya shiga, sai tsatsa. Kananzir ya yi yawa, sai su ci juna a bushe, kuma gyaran famfo na daga cikin mafi tsada a motar. Saboda haka in kun sayi na jarka, ku bar shi ya kwana ya kwanta, ku tace da kyalle mai tsabta, kada ku juye na ƙasan. A gindin filtar mai ta Hilux da Land Cruiser akwai wani ɗan abin murɗawa da ake zubar da ruwan da ya taru, a samanta kuma akwai famfon hannu. Kowane mako a kwance na ƙasan, a danna na saman har sai mai zalla ya fito, a ɗaure. Wannan famfon hannu shi ne kuma zai cece ku ranar da mai ya ƙare iska ta shiga layi. Duk yaron motar da bai iya wannan ba, yau ya koya kafin ya bar nan.

(Wani daga cikin masu sauraro ya yi tambaya.)

Na'am, Alhaji, na ji ka. Alhaji yana tambaya kan fitilar da ke rubuta T-BELT, ya ce an kashe masa ita mota kuma tana tafiya lafiya. Alhaji, Allah ya kiyaye, amma kashe fitila ba canja bel ba ne. Bel ɗin nan na cikin injin shi ke daidaita motsin bawul da fistin, kuma a waɗannan tsofaffin injina ana canja shi duk kilomita 100,000. Ranar da ya tsinke, fistin zai daki bawul, injin ya tashi aiki a take. Matsalarmu ita ce yawancin motocin nan na hannu ne, agogon kilomitarsu ya mutu ko an juya shi. Don haka duk wanda ya sayi tsohuwar mota, ya canja bel ɗin a makon farko, ya rubuta ranar a littafi. Masu injin fetur 22R da masu 504 sarƙa gare su, ita takan yi ƙara ta gargaɗe ka. Bel ba ya gargaɗi.

Damina ma da nata. Wanda ya ratsa mayo da ruwa har ya rufe aksil, washegari ya kwance murfin man aksil ya duba. In man ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. A bi farfela da duk inda ke da kan giris a cika. A wanke laka daga ƙarƙashi, musamman baƙar lakar karal ta wajen Marwa, don tana riƙe danshi ta cinye shasi.

Lodi. Na san kuɗin mota a lodi yake, ranar Lahadi kowa na so ya kwaso na kasuwar Pitowa a sahu ɗaya. Ana zuwa wurin maƙeri a ƙara ganyen sifirin, mota ta daina durƙusawa, sai a ce ta yi ƙarfi. Birkinta fa? Boris ɗin ƙafa fa? Su ba a ƙara musu komai ba. Wanda ya taɓa gangaro dutsen Ngaundare da kaya ya san abin da nake nufi. A gangara da giyar da ake hawan tudu da ita, a bar injin ya riƙe motar, kada a ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya saki. Man birki yana shan danshi daga iska, a canja shi duk shekara 2. Masu zuba ruwan sabulu a madadinsa, ku ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a bayan motar. Taya kuma ku karanta gefenta kafin ku biya: akwai lamba 4 a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko zanenta na da kyau, kwaltar Afrilu za ta fasa ta.

Batir zafi yana shanye ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwan batir, a goge kawunansa, in za a cire a fara da waya mai alamar ragi. Kuma samari, don Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ƙasarmu yashi ce, jak yana nutsewa ya goce. A sa katako mai kauri ƙarƙashinsa, a tokare shasi da kututture, a sa dutse gaba da bayan taya.

Akwai kuma inda hannun mai gida ya kamata ya tsaya. Famfon gazuwal da nozul suna bukatar na'urar gwaji, kan injin yana bukatar sifanar awo da sanin jerin ɗaurin kusoshi, buɗe giya kuma aikin wanda ya saba ne. Abin da nake so daga gare ku shi ne ku zo mana da bayani. Ku ce hayaƙin baƙi ne in an hau tudu, mu fara da filtar iska da nozul. Ku ce shuɗi ne, mu san baƙin mai yake ƙonawa. Ku ce fari ne mai kauri kuma ruwan lagireto na raguwa, mu duba gasket. In an cire muku wani abu an sa sabo, ku karɓi tsohon ku gani.

Malam da ke can gefe ya tambayi inda za a kai tsohon baƙin mai. Malam, kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, yana bin ƙasa ya gurɓata ruwan sha, kuma kada a bar shi a buɗe inda yara da awaki ke wucewa. A zuba a jarka a rufe, a kawo gareji, muna da masu karɓa. Bayan sallar la'asar akwai Hilux mai injin 3L a ƙofar nan, duk mai son ganin yadda ake zubar da ruwan filta da hura filtar iska ya tsaya, zan sa yaran mota su yi da hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Wassalamu alaikum.